Shiri na Musamman: Idan Tallafin Ƙaramar Hukuma Ya Shigo Hannun Ƙungiya

(Taken shiri)



Da wuya ka ratsa unguwa ko ƙauye a ƙasar Hausa ba ka tarar da ƙungiyar ci gaban gari ba. Su ne masu yashe kwata kafin damina, su ne masu cike zaizayar maƙabarta, su ne masu karo-karo a sayi man taransifoma idan ta lalace. Aikin gayya gadonmu ne, ba wanda ya koya mana. Amma akwai ranar da al'amarin ƙungiya yake sauyawa gaba ɗaya, wato ranar da kuɗin hukuma ya shigo hannunta. A kan wannan rana za mu tattauna yau.

Me ya sa yanzu? Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27. Shekara da shekaru kasonsu na wata yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, kuma kowa ya san ƙorafin da ake yi a kan haka. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, gaskiya ne. Sai dai ko yaya ta kaya, ƙungiyoyi za su ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar sakatariya, wannan tana neman rijiyar burtsatse, waccan kwalbati, wata kwanon rufin aji. To ya kamata su san abin da suke ɗauka a ka.

Kuɗin tallafi ba kyauta ba ne. Ba tukuicin zaɓe ba ne, ba kuma alherin ciyaman ko kansila ba ne, domin ba daga aljihunsu ya fito ba. Kuɗin jama'a ne aka damƙa wa wasu daga cikin jama'a su yi wani aiki takamaimai. Maganar nan da muke yawan ji, wai kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne, ita ce ta rusa ƙungiyoyi masu yawa. Na kowa ne, har da tsohuwar da ake karɓar kuɗin rumfa a hannunta ranar kasuwa.

Sharuɗɗa sukan bambanta daga wannan hukuma zuwa waccan, amma tushensu ɗaya ne. Za a so a ga ƙungiyar ta wanzu da gaske: tana da rajista a sashen da ke kula da ƙungiyoyi na ƙaramar hukuma ko na jiha, tana da rubutaccen tsarin mulki, tana da zaɓaɓɓun shugabanni da littafin taro. Wadda ta yi nisa takan yi rajistar amintattu a hukumar CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Wannan duk mai sauƙi ne, mu wuce.

Inda gizo yake saƙa shi ne asusu. Kada kuɗin tallafi ya kwana a asusun mutum ɗaya, ko da kuwa limamin gari ne, ko da kuwa shi ya kafa ƙungiyar da guminsa. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, kuma kada a iya cire ko sisi sai da sa hannun mutum biyu ko uku, galibi shugaba da ma'aji da sakataren kuɗi. Kada waɗannan mutane su zama wa da ƙani, ko suruki da surukinsa. Na san abin da wani dattijo zai ce yana jin wannan: ashe ba a yarda da mu ba ke nan? A'a, Baba, ba haka ba ne. Wannan ƙa'ida mai gaskiya take karewa kafin kowa. Ma'ajin da ya riƙe kuɗi shi kaɗai, ko bai taɓa ƙwandala ba, ranar da ya sake fentin gidansa ko ya sayi babur sai an yi da shi a majalisa. Da me zai wanke kansa? Rantsuwa ba ta gamsar da mai zargi. Takardar banki da rasit su ne shaidunsa.

Shi ya sa nake ganin rasit ya fi ƙarfin a raina shi. Buhun siminti nawa aka saya, a wane shago, a kan nawa, ran nawa ga wata? Tifar yashi fa? Magini da lebura ba su da rasit, to a rubuta sunansu da abin da aka ba su, su sa hannu ko su dangwala yatsa. Kafin a sayi kaya mai tsada, a tambayi farashi a wuri biyu ko uku a ajiye takardun. Ita kanta ƙaramar hukuma ba a bar ta sakaka ba, domin a 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta taƙaita tsabar kuɗin da za a iya cirewa daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana. Idan an hana hukuma yawo da kuɗi a buhu, ƙungiya ma ba ta da dalilin yi.

(Ɗan kiɗa)

Mai sauraro, idan yanzu ka kama mu, muna magana ne a kan haƙƙin da ke kan ƙungiyoyin al'umma masu karɓar tallafin ƙaramar hukuma.

Kada a ce wannan tsari ba zai yiwu a karkara ba, domin an riga an gwada shi. Shirin CSDP, wanda aka fara a 2009 da tallafin Bankin Duniya, a kan haka aka gina shi. Mutanen gari su zauna su zaɓi aikin da suka fi buƙata. Su zaɓi kwamitin da zai gudanar da shi, da mata a ciki. Kwamitin ƙaramar hukuma ya duba tsarin kafin ya wuce hukumar jiha. Al'umma ta kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, ko da tsabar kuɗi, ko da yashi da dutse da ƙarfin jiki. Sannan a wancan shirin ba a sakin kuɗin gaba ɗaya, sai kashi-kashi: ka kawo lissafin na farko, a zo a ga aiki da ido, kana a saki na biyu. Manoman da suka shiga shirin Fadama ma sun san irin wannan. Hikimar kason al'umma a fili take. Mutumin da ya ɗauki yashi a kansa ba zai zuba ido a saci famfon ba.

Akwai wani kuskure da mutanen kirki ne suka fi faɗa masa. An ba da kuɗi don gyara ɗakin shan magani. Ana cikin haka sai iska ta yaye rufin masallaci, ko gobara ta cinye gidan wani bawan Allah. Sai shugabanni su ce ai duk aikin alheri ne, a ɗiba daga nan a toshe can. Niyyar mai kyau ce, amma karkatar da kuɗi ne, kuma mai binciken kuɗi ba niyya yake dubawa ba. Idan buƙata ta sauya, ko farashin kaya ya tashi har kuɗin ba zai kai ba, a rubuta wa hukuma, a jira amsa a rubuce. Abin da ya yi saura kuma ba na rabo ba ne a tsakanin 'yan kwamiti. A bayyana shi, a mayar ko a nemi izinin amfani da shi.

Haka nan batun kwangila. Idan ɗan shugaban ƙungiya ne mai sayar da bulo, ba laifi ba ne ya nemi cinikin, amma shugaban ya faɗa a gaban taro, ya tashi ya bar wurin, saura su yanke. Kuma aikin da aka yi da kuɗin hukuma na kowa ne. Ba a tambayar mai ɗiban ruwa jam'iyyarsa, ko ɗariƙarsa, ko garin da kakansa ya fito.

Ita ma hukuma da nata nauyin, kuma ba zan rufe baki a kai ba. Ta sanar da tallafi a fili, ba a raɗa wa 'yan gaban goshi ba. Ta ba da yarjejeniya a rubuce, da harshen da mutane suke ji. Ta saki kuɗi kan lokaci, kada damina ta tarar da gini a tsaye. Jami'in da ya ce sai an cire masa na goro kafin takarda ta fita, ko ya kawo maganar kashe-mu-raba, ya sani cin hanci yake nema, kuma ƙungiyar da ta amince ta sa kanta a ciki, domin ita za ta sa hannu cewa ta karɓi kuɗin cif. Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci tana karɓar irin wannan ƙorafi.

Sai abin da ya fi ci mini rai. Ku zaga garuruwanmu ku ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu, da tankunan da suka bushe, kowanne da allon sunan wanda ya buɗe shi. Da yawansu ba wata babbar lalacewa suka yi ba, roba ce ta cinye ko ƙarfe ya karye, aka rasa mai cewa nawa ne. Tallafi yakan gina, amma da wuya ya dawo gyara. Don haka tun kafin a sa harsashi a yanke: wa zai riƙe makulli, nawa kowane gida zai riƙa bayarwa a wata, wane makaniki za a kira, a wane asusu za a tara kuɗin gyaran. Idan an kammala aiki, a tara jama'a a ƙofar mai unguwa ko dagaci, a karanta lissafi da babbar murya, a liƙa kwafi a bango, a kai wani sakatariya, a karɓo shaidar cewa an kai. Matan da ke cikin gida ma a aika musu wadda za ta karanta musu, tunda su ne suka fi kowa amfani da ruwan da ɗakin shan maganin.

Iyakar abin da lokaci ya ba mu ke nan a yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Taken rufewa)