Kare Ba Ragon Layya Ba Ne: Ƙiba a Jikin Kare da Kyanwa

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kusan kowane gida ya san sirrin kiwon turka. Ana ɗaure rago wuri guda, a hana shi yawo, a wadata shi da dusa da harawa, kafin Babbar Salla ya yi ɓul-ɓul. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, irin wannan turkar ce ake yi wa karen gadi idan aka ɗaure shi dare da rana ana tula masa sauran tuwo da kitsen nama. Haka ma kyanwa, wadda Sakkwatawa ke kira mussa, idan ta bar kamun ɓera ta koma jiran kwano.

Dalilin ƙiba ɗaya ne a jikin dukkansu. Abinci makamashi ne, ana kuwa auna shi da kalori. Giram ɗaya na kitse yana ba da kalori 9, na sitaci kuwa 4. Duk abin da jiki bai ƙona ba sai ya adana shi a matsayin kitse. Shi ya sa da wuya a ga karen mafarauta da teɓa, domin kullum a guje yake.

Rago dai yanka ne ƙarshensa, amma kare da kyanwa da kitsen za su rayu. Ƙiba tana jawo wa kare ciwon gaɓoɓi, tana kusantar da kyanwa ga ciwon sukari. Bugu da ƙari, kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jiki, don haka mai ƙiba ya fi jigata da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya bi rayuwar karnuka 48 'yan jinsin Labrador. Waɗanda aka rage wa kashi 25 cikin 100 na abinci sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu.

Yaya ake gane ƙiba? Likitocin dabbobi suna da ma'auni daga 1 zuwa 9, inda 4 zuwa 5 ke nuna daidaito ga kare. A shafa gefen ƙirjinsa: ya kamata a ji haƙarƙari ba tare da dannawa ba. A dube shi daga sama: ya kamata ƙugu ya ɗan shiga. Sai dai ba kowane babban ciki ne ƙiba ba. Ɗan kwikwiyo mai tulun ciki da ramammun ƙafafu, galibi tsutsar ciki ke damunsa, magani yake bukata.

Wajen ragewa, sannu ba ta hana zuwa. Abin da ake so kare ya rage kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a mako, wato mai kilo 30 ya sauke giram 300 zuwa 600. A riƙa auna abincinsa da kwano ɗaya, sau biyu a rana, mutum ɗaya ne kuma zai riƙa ba shi. A cire kitse, a bar tsoka da kifi. A guji miya mai albasa, domin albasa tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa. A kwance shi ya yi tafiya da sanyin safiya da na yamma, ruwa kuma kada ya yanke.

Ita kyanwa, kada a kuskura a sa ta azumin dole. Idan mai ƙiba ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse yakan taru a hantarta, hakan kuwa yana kisa.

Kafin a fara, ya kyautu a tuntuɓi ma'aikacin lafiyar dabbobi mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Ɗalibai kuma za su iya auna dabbar gidansu kowane mako biyu, su zana jadawalin nauyinta, su kai wa malamin kimiyya a duba tare.