Gidan Rahibai na Ewu: Inda Maza Ke Zaman Kulle

 

Da yawanmu muna da maƙwabciya ko abokiyar ciniki Kirista. Wata ita ke kawo mana manja daga Sabon Gari, wata kuma nas ce mai duba mu ranar awo. Sai a kwana biyu ba a gan ta ba, in ta dawo ta ce ai "ritirit" ta tafi. Nan fa sai ƙananan maganganu su tashi, wannan ta ce taron asiri ne, waccan ta ce yawon buɗe ido ne. To, yau ga bayanin abin da ake yi a can.

Da farko, Kiristoci ba ɗarika ɗaya ba ne. Mishan ɗin Wusasa da muka sani, wadda aka koma can da ita daga cikin birni a 1929, ta 'yan Angilikan ce. 'Yan Katolika daban suke, su ne masu Fada da Sista, shugabansu Paparoma yana Rum. Babbar majami'arsu ta Zariya tana Sabon Gari, kuma a shekarar 2000 aka ba su bishop nasu na kansu.

Shi ritirit, keɓewa ce. Mutum ya bar gida da kasuwa na kwana uku, ko takwas, wani har talatin, ya tafi wuri mai shiru ya yi addu'a, ya yi wa kansa hisabi. Irin waɗannan wurare galibi a ƙauye suke, a tsakiyar gona. Ɗaya daga cikin sanannu a Nijeriya shi ne gidan rahibai na garin Ewu a jihar Edo, kan hanyar Auchi zuwa Benin. Rahibai daga ƙasar Ailan suka kafa shi a 1979, amma yau 'yan ƙasa ke riƙe da shi.

Kalmar rahibi ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wadda ta yi karatun sira ta ji labarin Bahira na ƙasar Sham. Rahibi namiji ne da ya yi alkawarin ba zai yi aure ba, ba zai mallaki dukiyar kansa ba, kuma zai zauna gida ɗaya tare da 'yan uwansa har ƙarshen ransa. Na Ewu suna bin ƙa'idar wani malaminsu Benedik, mutumin Italiya da aka haifa wajen shekarar 480. Littafin ƙa'idar babi 73 ne, kuma ya raba yini gida uku: addu'a, aikin hannu, da karatu.

Tun kafin gari ya waye ƙararrawa ke tashe su. Sukan taru sau da yawa a yini su rera Zabura, tsakanin haka kowa ya kama aikinsa, wani gona, wani kiwo, wani girki, wani wanki. E, maza ne ke tuƙa tuwonsu da kansu! A al'adarsu ba a hira wajen cin abinci, mutum ɗaya ke karanta littafi saura na saurare. Bayan addu'ar ƙarshe ta dare kuwa, baki ya mutu sai gobe.

Me ya sa sai a gona? Saboda ƙa'idarsu ta ce rahibi ya ci guminsa, kuma zaman banza abokin gaban rai ne. Mu ma ai mun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Daga ganyaye da saiwoyin wannan yanki ne wani Fada mai suna Anselm Adodo ya fara haɗa magungunan gargajiya a 1996, abin da ya zama kamfanin Paxherbals da ake sayar da kayansa a garuruwa da dama.

To, baƙo fa, yaya ake yi da shi? Karɓar baƙo wajibi ne a ƙa'idarsu, kuma akwai masauƙi daban domin maza da mata. Ladabin wurin kaɗan ne: a sanar kafin a zo, a sa sutura ta mutunci, a rage murya, a kashe waya wurin ibada. Amma akwai sashen da su rahiban ke kwana, nan baƙo ba ya taka ƙafa, balle mace. Kun ga yadda ake rubuta "Ba Shiga" a zaurukanmu na Ƙwarbai da Limancin Kona? To su ma suna da nasu, sai dai a can maza ne a ciki, mata ke tsayawa a zaure.

Kada a fahimce ni a kaikaice. Musulunci bai ɗora mana ruhbananci ba, aure sunna ne, kuma aƙidarmu da tasu ba ɗaya ba ce. Amma buƙatar mutum ya janye daga hayaniya ya tuna Mahaliccinsa, wannan mun san ta. Mazajenmu na shiga i'itikafi a goman ƙarshe na Ramadan, malaman ɗarika na shiga halwa. Ke ma da kike cikin gida, kin san daɗin ɗan lokacin nan na bayan asuba, kafin yara su tashi a hura wuta.

Abin da ya sa na kawo wannan magana, 'yan uwa, mu ne makarantar farko. Manyanmu ba su manta da watan Maris na 1987 ba, lokacin da rikicin da ya fara a Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙona wuraren ibada. An sake ganin tashin hankali bayan zaɓen 2011. Matasan da ke fita a irin wannan rana, a ɗakin uwa suka fara jin yadda ake ambaton maƙwabci. In ɗanki ya ji kina cewa "mutanen nan ba a san abin da suke ƙullawa ba", da shi zai girma. In kuwa ya ji kin ce "ibadarsu suka tafi, tasu daban tamu daban", shi ma da shi zai girma. Gobe bautar ƙasa na iya kai shi Edo, ya zama shi ne baƙo a hannun wasu.

Saboda haka in maƙwabciyarki ta dawo daga ritirit, ki yi mata sannu da hanya, ki tambaye ta yadda ta baro su. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.