MOTAR DA TA TASHI JIYA TA ƘI TASHI YAU: A DUBA MAHAƊA KAFIN A SAYI BATIR

A wannan fitowa mun ga ya kamata mu ajiye zancen farashi da na dillalai, mu ɗan leƙa ƙarƙashin mota, domin kuwa da yawa daga cikinmu asararsu ba a kara take faruwa ba, a bakin titi take faruwa.

Kowa ya san irin wannan ciwo. Direba ya murɗa makulli, sai a ji "ƙas", fitilun gaban direba duk su ɗauke, kamar an cire batir ɗin ɗungurungum. A jira kaɗan, ko yaron mota ya ɗan bubbuga, sai wuta ta dawo mota ta tashi lafiya lau. Kwana biyu babu komai, ran na uku ta sake. To a nan ne mai mota kan yanke hukunci cikin fushi, ya ce batir ya mutu, a sayo sabo. A sa sabon, mako guda ciwo ya dawo, kuɗi kuma sun tafi.

Mu da muke Gadarif abin ya fi shafarmu. Daga nan zuwa Gallabat, kan iyakar Habasha daura da Matama, kusan kilomita 160 ne. In kuwa Sawakin ko Bur Sudan aka nufa ta Kassala, tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Shanun da aka cusa a bayan mota, iskar tafiya ce ke sanyaya su. Mota ta tsaya awa uku da tsakar rana, sai ƙishi da cunkoso su kwantar da mai rauni, sauran su tattake shi. Saniya guda da aka yanka a bakin hanya ta fi kuɗin gyaran wayoyin motar nan nesa ba kusa ba.

ME KE KAWO ƊAUKEWAR WUTA?

Abin lura shi ne, batirin da ya gaji ba ya wasan ɓuya. Kullum rauninsa ƙaruwa yake yi, inji na juyawa da ƙyar, musamman da asuba. Amma wutar da ke zuwa ta ɗauke ta dawo, galibi a mahaɗa matsalar take, wato inda waya ta haɗu da ƙarfe.

Dalili kuwa, fitila da rediyo wuta kaɗan suke sha, ko mahaɗa ta yi sako-sako za su kama. Sitata kuwa ɗaruruwan amfiya take ja a lokaci guda. Da ta ja, sai mahaɗar da ta yi tsatsa ta yi zafi ta yanke, komai ya mutu. Kamar kwalbatin da jaki ke bi lafiya ne, amma gingimari ta hau ya rufta.

GWAJIN FITILA

Wannan ba ya bukatar kayan aiki. A kunna manyan fitilu, mutum ɗaya ya tsaya a gaba, direba ya murɗa makulli.

In fitilu suka ɗauke baki ɗaya, a nemi matsala a kan batir, ko a babbar waya, ko wayar da ke haɗa batir da shasi. In suka yi ja suka dushe ƙwarai amma ba su mutu ba, to ko batir ya yi rauni, ko sitata ta cije. In kuwa haskensu bai ko motsa ba, wuta ba ta isa sitata ba ke nan, sai a duba makullin kansa, da fis, da ƙaramar wayar da ke zuwa solonoyid ɗin da ke jikin sitata.

Bayan an gwada tayarwa sau biyu, a bi mahaɗu ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu, a hankali don wata takan ƙona. Wadda ta yi zafi ita ce ɓarauniyar.

WURARE HUƊU

Na farko, kawunan batir. A kama a murɗa da hannu. In ya motsa, ya kwance. Farin gari ko koren da ke taruwa a kai shi ke hana wuta wucewa. Masu buga ƙusa a tsakani don ya kama, su sani dabarar kwana biyu ce, kuma tana ɓata dalmar.

Na biyu, gajerar wayar da ke haɗa batir biyu. Yawancin manyan motocin da ke ɗaukar dabbobinmu bolt 24 suke aiki da shi, batir biyu masu 12 a jere. Wayar tsakani ta sami matsala, duka biyun sun zama kurame.

Na uku, wayar shasi, kuma ita aka fi mantawa. A motar shanu fitsari da kashi na zuba ta ƙasan bodi, ga laƙar Gadarif baƙa mai danƙo da damina. Su suke cin kusoshin nan a ɓoye. Wani lokaci robar waje lafiya, amma tagullar ciki ta zama gari.

Na huɗu, babban makunnin da ake yanke wutar mota da shi da dare, in motar tana da shi. Cikinsa kan cinye da daɗewa.

Sai an gama da waɗannan kafin a zargi sitata. In ta zama sai an ƙwanƙwasa ta da sifana take juyawa, gawayinta ya cinye, a kai ta wurin mai gyara tun tana da sauran rai.

IN AKWAI MITA

Ƙaramar mitar awon wuta ba ta da tsada, ya kamata kowace mota ta kasance da guda. Batir cikakke da ya huta yana nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2, ya kai kusan rabi. Lokacin tayarwa kada ya sauka ƙasa da 9.6. Inji na aiki kuma a ga wajen 14, ko wajen 28 a mota mai batir biyu, alamar caji na tafiya. A auna kowane batir shi kaɗai, don sau da yawa ɗaya ne ya lalace yana jan ɗan'uwansa. A kuma ɗora bakin mita ɗaya a kan dalmar batir, ɗaya a kan maɗaurinta, a tayar. In ta nuna fiye da 0.2, mahaɗar nan na cin wuta.

WAJEN GYARA

A kashe inji, a fara cire waya mai alamar ragi, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Kada a sha taba kusa, don iskar da batir ke fitarwa tana kamawa da wuta. A jiƙa kanwa a ruwa a wanke garin nan, amma kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir. A goge da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tamau, sannan a shafa giris a sama. In ruwan batir ya ragu saboda zafi, a ƙara ruwan batir na kwalba, ban da na rijiya.

Shawararmu ga mai haya ita ce, kafin saniya ta farko ta taka mota, ka sa direba ya kashe ya tayar sau uku a gabanka, fitilu a kunne. In ta yi gardama ko sau ɗaya, kada ka yarda da "Alhaji ai takan yi haka, turawa za mu yi." Babu mai tura mota da shanu talatin a cikin laka. Gara a kwana a Gadarif inda akwai masu gyaran wuta, da a kwana a dajin Doka dabbobi na kuka. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a fataucinmu, amin.