FITILAR TEKU A CIKIN ƊAKI

Akwai wata halitta a cikin teku wadda Turawan Ingila ke kira jelifish. Larabawa suna ce mata ƙandilul bahari, watau fitilar teku, mu ma da wannan suna za mu kira ta a nan. Surarta kamar laima ce, jikinta garau ana ganin bayansa, ga waɗansu zare-zare suna reto a ƙarƙashinta. Ba ta da ƙashi, ba ta da jini, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa. In aka raba nauyinta kashi 100, wajen kashi 95 ruwa ne tsantsa. Duk da haka tana farauta, tana haihuwa, masana kuwa sun ce irinta yana cikin teku tun shekara fiye da miliyan 500. Har a ruwan daɗi akwai wata 'yar ƙarama a tafkin Tanganika, an kuma taɓa samunta a kogin Kwara.

A Japan da Amurka da ƙasashen Turai mutane sun ɗauki al'adar ajiye ta a ɗaki cikin akwatin gilashi. Wadda suka fi so ita ce mai suna fitilar wata, domin harbinta ba ya cutar mutum ƙwarai. Ana gane ta da zobba huɗu a tsakiyar laimarta. Kada a haɗa ta da wata 'yar'uwarta ta arewacin Ostareliya, wadda dafinta kan kashe ƙato cikin 'yan mintoci.

Da fari abin ya gagara. In aka sa ta cikin akwatin kifi mai kusurwa huɗu, sai ta maƙale a lungu, ko famfon tace ruwa ya zuƙe ta ya yayyaga. Dalili kuwa ba ta da ƙarfin iyo. A teku igiyar ruwa ce ke ɗauke da ita. A 1968 wani masani Bajamushe, Wulf Greve, da ke aiki a tsibirin Heligoland, ya ƙago tanki mai da'ira wanda ruwa ke juyawa a ciki a hankali, kamar katantanwar yara. Ruwan yana shiga ta bakin wani raga, ya ture dabbar daga wurin da ake zuƙar ruwa, sai ta yi ta shawagi a tsakiya ba ta taɓa bango. Tankunan da ake sayarwa don gida a kan wannan dabara aka yi su.

Samun tanki shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen ruwa. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, amma ba irin gishirin miya kaɗai ba, akwai waɗansu ma'adinai tare da shi. Saboda haka sai an sayi gishiri na musamman a narka shi cikin tataccen ruwa, gama maganin da ake sa wa ruwan famfo kashe ta yake yi. Ga kuma wani abu da ya kamata malamai su ba yara a darasin lissafi: in ruwa ya ragu don zafi, ruwan ne ya tashi, gishirin yana nan. Wanda ya cika tanki da ruwan gishiri ya ƙara masa ɗaci ke nan. Da ruwan daɗi ake cikawa.

Sa'an nan ba a zuba dabbar ran da aka haɗa ruwa. Kashinta da ragowar abincinta suna zama guba mai suna amoniya. Akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani waɗanda ke cinye gubar su mai da ita abu mai sauƙi, su kuwa sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita a cikin matatar. Mai gaggawa a nan yakan yi hasara. Ko kumfar iska ma abokiyar gaba ce, domin in ta shiga ƙarƙashin laimar ta tsaya, takan huda ta.

Abincinta 'ya'yan wani ɗan mitsitsin jatan lande ne, wanda ake kwaso ƙwansa daga tafkin gishiri na Yuta a Amurka. Ƙwan busasshe ne kamar gari. In aka jiƙa shi a ruwan gishiri, cikin kwana ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe. Kullum sai an ba ta. Da yake jikinta garau ne, kana kallo abincin zai taru a cikinta. In yunwa ta dame ta, ba ramewa take yi kamar akuya ba, ƙanƙancewa take yi gaba ɗaya.

Komi kulawarka, da wuya ta wuce shekara guda. Amma haihuwarta abin mamaki ce. Ƙwanta yakan zama wani ɗan tsiro ya manne a jikin dutse ko gilashi. In ruwa ya yi sanyi, sai tsiron ya rarrabu kamar faya-fayan da aka jera wani bisa wani, kowane faifai ya ɓalle ya zama fitila. Michael Sars, wani limamin kirista na ƙasar Norwe, shi ya gano wannan tsakanin 1835 da 1841.

Gidan kallon kifi na Kamo, a garin Tsuruoka na Japan, ya kusa rufewa don rashin masu zuwa. A 1997 ma'aikata suka ga 'yan fitilu sun ɓullo da kansu a tankin murjani. Suka rene su, suka nuna, jama'a suka yi ta tururuwa, har a 2012 aka shaida ba inda ya kai su yawan iri-iri a duniya.

A ganina, masu tallata ta a kan kayan ado ce kamar fitilar tebur ba su kyauta ba, gama rai ne. Yawancin fitilar wata sun fi son ruwan da bai kai digiri 20 ba, watau a ɗakin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu sai da injin sanyaya ruwa dare da rana. Famfon nan kuwa in lantarki ya ɗauke ya tsaya, sai su zube a gindin tanki, ruwan ya fara lalacewa. Makarantar da ke so yara su ga yadda ake kiwon halittar ruwa, gara ta fara da ƙarfasa ko tarwaɗa a ruwan rafin garinsu.