Kafin a Sauke Injin Tarakta, a Dubi Hayaƙinsa

Da ruwan farko ya sauka, masu neman haro da huɗa sukan yi yawa, taraktoci kuwa kaɗan ne. Idan guda ta tsaya cak a tsakiyar gona, hankalin kowa ya tashi. A irin wannan gaggawa ake yanke hukuncin "sai an sauke inji", alhali sau da yawa matsalar ba ta wuce matatar iska da ta toshe ba.

Injin dizal, irin Perkins mai silinda 4 da ke cikin Massey Ferguson 375, ba shi da filogi. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa mai, wuta ta kama da kanta. Abu uku ke nan yake buƙata: isasshiyar iska, tsabtataccen mai da matsi mai ƙarfi. Duk wanda ya gaza, bakin salansa zai tona shi.

Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa. A fara buɗe matatar iska, domin ƙurar hunturu da ta kaftu kan cika ta maƙil. In tana da tsabta, sai a kai nozul gwaji. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, galibi ringi ya cinye. Fari iri biyu ne. Mai warin gas da yaji a ido, man da bai ƙone ba ne. Wanda ya yi kama da tururi, ga ruwan lagireto na raguwa, ga sandar awon baƙin mai ta fito da launin madara, to gasket ya ƙone, a kashe inji nan take.

Idan kik na juyawa amma inji ya ƙi tashi, musamman bayan mai ya ƙare a tanki, makanikai kan ce "ta sha iska". A sassauta ƙusar da ke kan matatar mai, a yi ta danna ƙaramin famfon hannu har kumfa ta daina fita, sannan a ɗaure. A kuma zubar da ruwan da ya kwanta a gindin matatar, don gas ɗin jarka kan zo da ruwa ko kananzir, su ne ajalin famfon injekta.

Zafin inji ma da sauƙi ake fara bincikensa: ƙaiƙayi a fuskar lagireto, ko fanbel da ya saki. Kada dai a buɗe murfin lagireto yana tafasa.

Sai an bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, an kuma gwada matsin silinda an ga ya yi ƙasa, sannan batun sauke inji ya taso. Lokacin wannan bincike kuwa shi ne watan Afrilu, sa'ad da bakanike ke da sarari, aikin gona kuma bai kankama ba.