Maƙeran Kwarkwaron Fatsa A Ingila Na Riƙe Da Kasuwarsu

A daidai lokacin da manyan masana'antun Asiya suka cika kasuwannin Turai da kayan kamun kifi masu rahusa, har yanzu akwai wasu 'yan tsirarun maƙera a ƙasar Ingila da ke cin abinci da wata tsohuwar sana'a, wato ƙera kwarkwaron fatsa da hannu, wanda ake kira santafin.

Shi dai wannan kwarkwaro wani ɗan faifai ne da ake ɗaura wa sandar fatsa domin naɗe zare, kuma faɗinsa yakan kai inci huɗu zuwa huɗu da rabi. Ba shi da giya. Yana juyawa ne kawai a kan wani siririn tsinken ƙarfe da ke tsakiyarsa. Masu sayensa su ne masu kamun kifi don nishaɗi a koguna irin su Trent da Kennet da Avon, waɗanda galibi sukan mayar da kifin cikin ruwa bayan sun kama shi.

Amfaninsa shi ne, idan aka jefa ƙugiya, ƙarfin ruwan kogi kaɗai ya isa ya riƙa jan zaren sannu a hankali, ta yadda abincin da aka laƙa wa ƙugiyar zai bi ruwa ba tare da kifi ya tsargu ba. Mai fatsa kuwa da babban yatsansa yake sarrafa gudun faifan. Saboda haka darajar kwarkwaro tana ga sauƙin juyawarsa, kuma ɗan kuskure kaɗan wajen gurza ƙarfen yana iya ɓata aikin baki ɗaya.

Cibiyar wannan sana'a ita ce garin Redditch, wanda ya yi suna tun da daɗewa wajen ƙera allura da ƙugiya. A can ne kamfanin Allcock ya fito da samfurin Aerial a shekarar 1896, bisa tsarin wani mutum mai suna Henry Coxon, wanda ya kwaikwayi wayoyin ƙafar keke domin rage nauyin faifan. Har ila yau kamfanin J.W. Young na wannan gari ya daɗe yana ƙera irin wannan kwarkwaro.

Sai dai kuma kasuwar ta ja baya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da wani sabon nau'in kwarkwaro mai giya, musamman Mitchell na Faransa, ya yaɗu saboda sauƙin jifa da shi zuwa nesa. A shekarun 1960 shi kansa Allcock ya koma hannun kamfanin Shakespeare na Amurka. Daga baya ne sha'awar tsohon samfurin ta farfaɗo, musamman bayan shirin talabijin na BBC mai suna A Passion for Angling, wanda aka nuna a shekarar 1993.

A halin da ake ciki, maƙeran ba sa gasar farashi da manyan kamfanoni. Sukan gurza alminiyam da tagulla a ƙananan shaguna, su harhaɗa kowane kwarkwaro ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har da lamba a jikinsa. Farashin guda yakan kai ɗaruruwan fam na Ingila, wato ninkin na Asiya sau da dama, kuma mai saye kan yi watanni yana jiran nasa. Bugu da ƙari, tsofaffin samfurori na Aerial suna yin tsada a wuraren gwanjo, abin da ke ƙara wa masu saye ƙarfin gwiwar cewa kuɗinsu ba zai salwanta ba.

Duk da haka sana'ar tana da nata rauni. Yawancin shagunan na mutum ɗaya ne, kuma sunansa shi ne jarinsa. Ranar da ya ajiye aiki, samfurinsa ya ƙare ke nan, sai fa in ya horar da magaji. Kazalika kamfanonin Asiya, irin su Okuma na Taiwan, suna fitar da nasu masu juyawa a kan boris, waɗanda ke biyan buƙatar mai ƙaramin ƙarfi. Don haka ɗorewar maƙeran ta dogara ne ga samun matasan da za su koyi aikin, da kuma masu sayen da suka yarda cewa aikin hannu ya cancanci kuɗinsa.