Ma'aunin Hankali a Gaban Alƙali

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da 'yan kasuwa, ku sani ciniki ba ya ƙulluwa sai da hankali. Wannan ba baƙon zance ba ne a Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo mai littafin Liya'ul Hukkami. Almajiran fiƙihu kuma sun san babin hajru cikin Muhtasar, watau hana mahaukaci da yaro da wawa sarrafa dukiyarsu. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta soma aiki a 1960, ita ma a sashe na 51 ta ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa.

Hauka bayyananne ba shi da wuyar ganewa, ɓoyayye shi ne abin tsoro. Misali, a ce falke ya faɗi daga babur tsakanin Kalgo da Birnin Kebbi, goshinsa ya bugu. Rauni ya warke, yana gaisawa, yana zuwa masallaci, amma gaban ƙwaƙwalwa, inda tsinkaye da kamun kai suke, ya taɓu. Sai ya sayar da gonar fadama a banza, 'ya'yansa su kai ƙara. To, yaya alƙali zai gane?

A nan ake neman masanin ƙwaƙwalwa da halayya. Aikinsa awo ne, ba ba da magani ba. Yakan karanta wa mutum kalmomi, bayan ɗan lokaci ya ce ya maimaita. Ya sa shi lissafin kuɗi, ya tambaye shi abin da ya sayar da abin da zai biyo baya. Ya duba takardun asibiti, ya ji ta bakin iyali. Yana kuma da gwajin tona mai haukan ƙarya don gudun bashi ko hukunci. Sa'an nan ya rubuta abin da ya gani. Shi mai shaida ne kurum, hukunci na alƙali ne.

Saboda haka in ɗan'uwanku ya sauya hali bayan buguwar kai ko shanyewar jiki, kada ku tsaya ga cewa aljanu ne. Ku rubuta ranar da abin ya faru, ku adana takardu, ku nemi a auna shi, ko da a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ta ƙasar Sakkwato ne, tun dukiya ba ta salwanta ba. Allah Ya tsare mana hankulanmu, amin. Wasalam.